Fuloti ɗaya a Legas: tsakar gida, bangalo, bene ko falat huɗu?

Bahaushen da Allah ya hore wa fili a Legas yakan je wurin mai zanen gini da gidansa a ka, irin wanda ya tashi a ciki: zaure a bakin ƙofa, falon maigida, a shige ciki a tarar da ɗakuna sun kewaye tsakar gida. Uwargida tana da nata da ta gani a waya, bene mai baranda da ƙaton kicin. Abokin kasuwa kuma ya ce duk a bar wannan, a zuba falat huɗu, ka zauna a ɗaya, sauran ukun su riƙa biyan kuɗin makarantar yara. Kowanne da hujjarsa, kuma kowanne akwai wanda ya yi shi ya ji daɗi. Sai dai a Legas fili ne ke fara magana kafin mai fili: girmansa, irin ƙasarsa, da abin da doka za ta yanke a cikinsa. Duk lissafin da ke tafe a kan cikakken fuloti na yi shi, sai inda na ambaci rabi.

Abin da za a auna da shi

Na farko, abin da ya rage maka bayan doka ta ɗebi nata. Fulotin da aka saba da shi a Legas ƙafa 60 ne a faɗi, 120 a tsawo, wanda safiyo kan rubuta mita 18 da 36, wato murabba'in mita 648. Ya fi na Arewa mai ƙafa 50 da 100, shi ya sa mutum kan ji kamar ya samu wadata. To amma ƙa'idar gini ta jihar ba ta yarda ka jingina ɗaki da katanga ba. A yawancin unguwannin zama ana son ka bar mita 6 a gaba, 3 a baya, 3 a kowane gefe. Cire su ka gani: faɗi ya koma 12, tsawo 27. Murabba'in mita 324 ke nan, rabin abin da ka biya daidai. Mai rabin fuloti na 18 da 18 zai tashi da 12 da 9. Wanda kuwa aka yanka wa nasa rabin a tsaye, 9 da 36, in ya bar uku-uku a gefe mita 3 kacal ta rage masa a faɗi. Saboda haka kafin a biya kuɗin rabin fuloti a tambayi yadda za a yanka shi. Kamfanonin filaye da yawa ma yanzu murabba'in mita 500 ko 300 suke sayarwa su kira shi fuloti, a duba takardar safiyo, ba allon talla ba.

Wannan tazara takan bambanta daga unguwa zuwa unguwa, ofishin hukumar tsara gine-gine ta jihar, LASPPPA, na yankinka shi zai gaya maka taka, domin su ke ba da izinin gini. Hukumar sa ido kan gini, LASBCA, kuma su ke bin ginin mataki-mataki, su ne masu shafa jan fenti a bangon ginin da ya saɓa ƙa'ida. Wanda ya sayi fili a Mowe, Ibafo, Akute ko Sango Ota ya sani cewa ko da a Mile 12 yake kasuwa, filinsa na jihar Ogun ne, can zai nemi izini. Za ka ji ana cewa ai kowa ginawa yake har jikin katanga ba abin da ya faru. Masu gidajen da aka rushe a Ikota, yankin Lekki, a 2023 saboda sun hau kan magudanar ruwa, su ma sun daɗe ba abin da ya faru. A kai takardar safiyo ofishin babban safiyon jiha a Alausa a tabbatar filin ba ya cikin wanda gwamnati ta karɓe, ko kan hanyar da za a fitar nan gaba. In wannan bai yi ba, zane ko na waye aikin banza ne.

Na biyu, ƙasa da ruwa. Agege, Ikeja, Abule Egba, Iju da tudun Ikorodu galibi jar ƙasa ce mai ƙarfi, harsashi na yau da kullum ya isa. Lekki, Ajah, Sangotedo, Ibeju da sassan Ojo da Badagry yashi ne da fadama. Ka haƙa ƙafa uku ko huɗu ruwa ya tsatso. Can sai an yi ciko, an zuba harsashin shimfiɗa da magina ke kira raf, wani wurin ma sai an kafa turakun kankare cikin ƙasa. A irin wannan fili kowane murabba'in mita da gidan ya taka kuɗi ne mai nauyi tun kafin a ɗora bulo ɗaya. Kewayen Mile 12, Agiliti da Isheri kuma kogin Ogun ne matsalarsu, musamman in an saki ruwan dam ɗin Oyan. Ruwan saman Legas ya kai kusan ninki biyu na Kano, yana zuba daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. Ga wani abu da baƙo ba ya lura da shi: in gwamnati ta zo gyara titi takan ɗaga shi, gidan da jiya yake daidai da hanya ya wayi gari a rami. Kowane tsari ka zaɓa, daɓen gida ya ɗara titi sosai.

Na uku, iska. A Arewa ana gini ne don a tsere wa rana da ƙurar hunturu, bango mai kauri, taga ƙarama. A Legas abokin gaba gumi ne da danshi. Ɗakin da iska ba ta ratsa shi, kafin damina ta ƙare takalma da jakunkuna sun yi fumfuna a cikin kabad. Iskar gari daga kudu maso yamma take tasowa, daga teku, don haka ɗakin kwana na son taga a bango biyu. Bangon yamma da ranar la'asar ke duka a ba sito, banɗaki ko matattakala.

Na huɗu, sutura da baƙi. Gidan Bahaushe a Legas masauki ne ko ya so ko bai so ba: mai zuwa neman biza, mai jiran kaya daga Apapa, mai jirgin asuba a Ikeja, ƙanen uwargida da ya zo mako biyu ya shekara. Ina za su kwana, wane banɗaki za su shiga, ba tare da sun ratsa ta gaban mata ba? Ina za a ɗaure ragon layya, a yanka shi, ruwan ya bi ta ina? Ranar suna ina za a kafa manyan tukwane?

Na biyar kuɗi, da ko tsarin zai yarda a yi shi kaɗan-kaɗan. A farkon 2024 buhun siminti ya tashi daga dubu biyar da wani abu ya haura dubu goma cikin 'yan makonni, don haka adadin naira da aka rubuta yau ba ya kai wata uku. Gara a gwada da yawan bango, rufi, rodi da kankare, su ba sa canzawa. Na shida kuma gobe: ƙarin aure, tsufa, rabon gado, ko ranar da za a sayar a koma gida.

Gida mai tsakar gida a tsakiya

Wajen sutura ba na biyunsa. Baƙo ya tsaya a zaure ko falon waje, mata na harkarsu a ciki, uwa na ganin yaranta daga ƙofar kowane ɗaki. Ana kuma iya gina shi ɓangare-ɓangare, bana a yi jere ɗaya a tare, baɗi a ƙara.

Matsalar ita ce faɗin nan na mita 12. Na taɓa tsayawa a wani fili a bayan Ikorodu ana ja da igiya ana buga turaku. Mai filin ya sa a fitar masa da jeren ɗakuna a dama, mita 4, wani a hagu, mita 4. Maginin, wani dattijo ɗan Zariya, ya taka abin da ya rage a tsakiya, taku biyar bai cika ba. Ya ce, “Alhaji, ranka ya daɗe, ka ce kana son baranda a gaban kowane jere. In na cire su, wannan lungu ne ba tsakar gida ba.” Gaskiyarsa ce. A Kano ɗakunan a jikin katanga suke, faɗin fili duka naka ne. A nan ka bar wa doka uku-uku a waje, sannan ka sake barin wani fili a ciki. Sau biyu ka biya kuɗin sarari.

Ga lissafin bango. Ginin da ya yi 12 da 20 da tsakar gida mai 4 da 12 a cikinsa yana ba da murabba'in mita 192 na ɗakuna. Bangon waje mita 64, na zagayen tsakar gida 32, jimla 96. Dunƙulallen gida mai 12 da 16 shi ma 192 ne, amma bangon wajensa mita 56. Bambancin nan bulo ne mai inci tara, da harsashi a ƙarƙashinsa, da filasta da fenti a jikinsa. Rufin ma yana da kusurwoyi huɗu na ciki inda kwano ke haɗuwa, kuma daga nan yoyo ke farawa.

Sai ruwa. Rufin gidan duka cikin tsakar gida yake zubar da rabin ruwansa, kuma hanyar fita bututu ne da ya bi ta ƙarƙashin ɗaki. Ranar da leda ta toshe shi, ko kwatar titi ta cika ta fara turo ruwa baya, a daren Yuni za a tashi da bokiti. Wasu kan rufe saman da kwano mai haske, sai iska ta tsaya, gidan ya zama gumi zalla. A fadama kam ban ba kowa shawarar wannan tsari ba, domin shi ya fi kowanne cin harsashi. Ranar sayarwa kuma masu saye kaɗan ne; wanda ba Bahaushe ba kuɗin fili kawai zai taya, don rushewa zai yi.

Dunƙulallen bangalo, tsakar gida a baya

Wannan shi na fi karkata gare shi ga yawancin mutane, kuma dalilina na lissafi ne. Bar mita 6 a gaba. Gina gida mai 12 da 16: ɗaki huɗu, falon baƙi, falon iyali, kicin da sito. Ka ci mita 22 ke nan, saura 14. Can ƙarshe ka bar 3 na doka, ka yi ɗakuna biyu na baya masu zurfin mita 4. Abin da ya rage tsakaninsu da babban gida mita 7 ne a faɗin fili gaba ɗaya, 18, wato murabba'in mita 126. Tsarin mai tsakar gida a tsakiya 48 kawai ya ba ka. Tazarar gefen da doka ta tilasta maka ta shigo cikin tsakar gidanka maimakon ta tafi a banza.

Dabarar duka a ƙananan katangu biyu take. A kowane gefen gidan, a lungun nan mai mita 3, a gitta gajeriyar katanga da ƙofa. Daga nan fili ya rabu biyu: gaba na maza da motoci, baya na iyali. Falon baƙi ya kasance da ƙofarsa daga gaba da banɗakinsa a ciki, da wurin alwala a waje kusa da famfo. Kicin ya buɗe ta baya, da rumfa a jikinsa inda za a hura gawayi ko itace ranar taro, kuma nan ne shanya za ta koma a watannin da kaya ke kwana biyu a igiya ba su bushe ba. Mata masu zuwa barka su bi ta lungun gefe kai tsaye, ba sai sun keta falon maigida ba.

Wata tambaya da ake yawan yin kuskure a kanta: ɗakunan baya na waye? In samarin baƙi za a sauke a ciki, to an kai maza tsakiyar mata, suturar da aka yi wahala dominta ta rushe. Ɗakunan baya na mahaifiya ne in ta zo, ko 'yar aiki, ko 'yan matan gida. Masaukin maza ya zama ɗaki ɗaya na babban gida da ke gaba, mai ƙofa ta waje da banɗakinsa, ba ƙofa ta ciki ko kuma mai kulluwa daga ciki.

Rauninsa a tsakiyarsa yake. Gida mai faɗin mita 12 in an yi sakaci sai a samu doguwar hanya mai duhu da ɗakuna masu taga ɗaya. A matsa wa mai zane ya sa ɗakunan kwana a kusurwoyi, falon iyali ya samu buɗi gaba da baya. Wajen kuɗi shi ya fi sauƙi, ba dekin (rufin kankaren da ake ɗora bene a kai), ba matattakala, rodi kaɗan, kuma magini na gari zai iya da shi. Haɗarin rushewa kaɗan ne a ƙasa mai ƙarfi. Tsoho da mai ciwon gwiwa ba ruwansu da hawa. Abin da ake zarginsa da shi gaskiya ne: a unguwar da fili ya yi tsada, iyali ɗaya a ƙasa sun cinye wurin da zai ɗauki huɗu.

Akwai masu cewa a yi bangalo yanzu, in Allah ya buɗa a ɗora bene. Ana yi, amma da sharaɗi: tun ranar farko injiniya ya lissafa harsashi da ginshiƙai na bene, kuma zanen da aka amince da shi ya nuna haka. Ɗora hawa a kan harsashin bangalo na cikin abin da ke kayar da gidaje a garin nan. Rodin da aka bari tsirara a sama yana jiran baɗi kuwa, iskar Legas mai gishiri ba ta yi masa da sauƙi. A tura shi cikin siminti mara ƙarfi har lokacin ya zo.

Bene na iyali ɗaya

Bene yana saya maka ƙasa. Gini mai 12 da 12 hawa biyu ya ba da murabba'in mita 288, ya bar rabin tsawon fili ba a taɓa ba. Rabon ma da kansa yake zuwa: baƙi, kicin da falo a ƙasa, iyali a sama, matattakala ita ce zaure. Sama ta fi samun iska, ta fi nisa da sauro da ambaliya. Ga mai rabin fuloti na 18 da 18 kusan ba shi da wani zaɓin, domin 12 da 9 a ƙasa ɗaki biyu ne da falo, ko uku a matse.

Abin da ya rage maka a harsashi da rufi, dekin zai karɓe har da ƙari: kankare mai kaurin inci shida, rodi mai kaurin milimita 12 da mai 16, katako da gorar tokara, ginshiƙai da bim, wato kankaren da ke gittawa a kansu. Matattakala na cin kusan ɗaki guda a ƙasa da wani a sama. Ba a kuma yin dekin rabi-rabi, rana ɗaya ake zubawa, dole kuɗinsa su taru a hannu. Masu bin gini da sunan 'ya'yan masu ƙasa, omo onile, su ma ranar dekin suka fi so su bayyana, duk da dokar da jihar ta yi a 2016 ta haramta wannan karɓe-karɓen. A fadama lissafin kan juya ya goyi bayan bene, tunda ƙasar da za a yi wa raf ta ragu, amma nauyi ya ƙaru a wuri ɗaya. Gwajin ƙasa ne zai raba gardama, ba ra'ayin magini ba.

A nan ba a wasa da ƙwararru. Mai zane mai rajista da hukumar masu zanen gini, ARCON, injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi, COREN, kuma injiniyan ya zo ya ga rodi da idonsa kafin a zuba. Benen Ita Faaji da ya faɗi a Maris 2019 da makarantar yara a samansa, da mai hawa 21 na titin Gerrard a Ikoyi da ya kashe sama da mutum 40 a Nuwamba 2021, sun isa tunatarwa.

Abu biyu da masu bene kan yi nadama. Ɗaya, rashin cikakken ɗakin kwana mai banɗaki a ƙasa, sai ranar da hajiya ta zo jinya ko maigida ya haura sittin. Biyu, baranda da tagogin sama masu kallon gidan maƙwabci, ko nasa masu kallon naka. A unguwar da kowa ya hau sama, tsakar gidan baya a buɗe take ga idon mutane, sai an yi mata rumfa.

Falat huɗu

Biyu a ƙasa, biyu a sama, matattakala a tsakiya. Falat mai ɗaki uku biyu a jere na cin kusan 12 da 24. In ka bar 3 a baya, mita 9 ta rage a gaba, kuma motoci za su cinye ta. Masu ba da izini na lissafa wurin mota ga kowane falat, yawan falat ɗin da za a amince maka na rataye da wannan. Tsakar gida babu. Shanya a lungu, rago a bakin get, taron suna sai an roƙi maƙwabta su fitar da motoci.

Shi ya fi kowanne tsada nesa ba kusa ba: kicin huɗu, banɗaki goma sha wani abu, babban tanki, babban sokawe (ramin da ƙazantar banɗaki ke taruwa). Shi kaɗai ne kuma ke dawo da kuɗi, kuma haya a Legas ba ta kwantai. A raba mita tun farko, kowane falat da tasa daga Ikeja Electric ko kamfanin Eko, gwargwadon yankinka, domin rigimar gidan haya rabinta kuɗin wuta ne da na famfo. Ka sani dai zama da 'yan haya zama ne da mutanen da ba kai ka yi musu tarbiyya ba. Wani da karensa, wani da kiɗansa ranar Asabar, matattakala ɗaya da iyalinka. Ana rage wannan da ba falat ɗin maigida ƙofa da matattakala ta daban ta gefe, a killace masa bayan gida shi kaɗai.

Inda ya yi wa sauran fintinkau shi ne rabon gado. Gida ɗaya mai falo ɗaya ba ya rabuwa tsakanin mata da 'ya'ya goma, ƙarshensa sayarwa, sau da yawa a araha don kowa na sauri. Falat kuwa ana yi masa ƙima, wani ya ɗauka, wasu su haɗu a ɗaya, ko a bar su haya ana raba kuɗin bisa kason kowa.

| Ma'auni | Mai tsakar gida | Bangalo | Bene | Falat huɗu |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin gini | Matsakaici, bango da yawa | Mafi sauƙi | Mai yawa | Mafi yawa |
| Yi kaɗan-kaɗan | Yana yiwuwa sosai | Yana yiwuwa | Da wuya | Ƙasa tukuna, in an shirya |
| Sutura | Mafi kyau | Mai kyau in an gitta katanga | Mai kyau | Mai rauni |
| Sararin iyali | Ƙarami | Babba | Mafi girma | Kusan babu |
| A fadama | Bai dace ba | Harsashi zai ci kuɗi | Ya fi dacewa | Sai da gwaji da injiniya |
| Haɗari | Ruwa da yoyo | Ambaliya in daɓe ya yi ƙasa | Aikin dekin mara kyau | Dekin da rigimar haya |
| Sayarwa da gado | Mai wuya | Matsakaici | Sayarwa da sauƙi, rabo da wuya | Mafi sauƙi |

Kowanne ka ɗauka, akwai abubuwa uku da ake sa wa wuri a takarda kafin ɗakuna. Rijiyar burtsatse da sokawe su yi hannun riga, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, aƙalla mita 15 tsakani, in da hali fiye, kuma a leƙa a ga inda maƙwabci ya haƙa nasa. Sokawe ya zauna ta gaba inda tiyon motar kwasa zai kai, musamman a yankin Lekki inda ruwan ƙasa ke kusa, rami ba ya tsotsewa. Can ma ruwan rijiyar kan zo da gishiri ko ja, sai an ware wurin tankunan tacewa. Janareta ya yi nesa da tagar ɗakin kwana, hayaƙinsa na kisa. Alƙiblar Legas gabas ce mai karkata arewa, kimanin digiri 63 daga arewa. A nuna wa mai zane tun farko don ya san yadda zai juya masai, domin yawancinsu ba za su tuna da kansu ba.

Wa ya dace da wanne

Mai cikakken fuloti a jar ƙasa, mace ɗaya, kuɗi na shigowa kaɗan-kaɗan daga kasuwa: bangalo da tsakar gida a baya. A fara da babban gida, ɗakunan baya su jira.

Mai rabin fuloti, ko wanda filinsa ke Ajah, Sangotedo ko wata fadama: bene, da ɗaki ɗaya cikakke a ƙasa, bayan gwajin ƙasa.

Mai mata biyu, ko mai niyya: kada a yi ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ta sama za ta ce hawa da zafin kwano, ta ƙasa za ta ce sauro da takun yara a kanta, kuma duk gaskiya suka faɗa. A tsaga faɗin 12 ɗin biyu, gida biyu masu haɗa bango, mita shida-shida, iri ɗaya sak, kowacce da ƙofarta, kicin ɗinta da bayan gidanta, ɓangaren maigida da falon baƙi a gaba. Mai uku ko huɗu a fuloti ɗaya, falat huɗu ne amsarsa, da haƙurin sama da ƙasa.

Wanda ya san zamansa na Legas na kasuwa ne, iyali rabi na Kano ko Sakkwato, kuma wata rana zai tattara ya koma: falat. Ya riƙe ɗaya, in ya tashi gidan ya ci gaba da aiko masa da saƙo duk shekara.

Gida mai tsakar gida a tsakiya kuwa na bar wa mai fuloti biyu a jere a kan tudu. Faɗi ya zama 36, a cire 6 saura 30, ɗakuna su ci takwas, tsakiya ta isa a kafa rumfar biki. Shi ma a fitar wa ruwa hanya biyu, buɗaɗɗu, waɗanda za a iya zura hannu a share.